Haɓon Ɗan Hadiyya

Asabar, bayan la'asar

Sun iso. Yaya Hadiyya da yaron, a bayan babur ɗaya, da ƙullin kaya da tukunya guda. Mijinta Malami bai zo tare da su ba. Ban tambaya ba, ita ma ba ta ce komai ba. Duk wanda ya fito daga Tsamaye a satin nan da 'yan bindiga suka shiga garin, ba a yi masa tambaya, ruwa ake ba shi.

Ya yi tsawo. Ya durƙusa ya ce, "Ina wuni, Malama." Haka ya ji yaran unguwa na kirana saboda makarantar da nake koyarwa, shi ma haka ya ɗauka. Na ce lafiya lau, na juya na ci gaba da tankaɗe, don uwar mijina Gwaggo Fatsuma na zaune bakin ɗakinta tana kallona.

Ni na haife shi. Ɗan fari ne, don haka ba na kiran sunansa, ba na kallonsa a gaban mutane. Ranar da aka yaye shi aka ba Yaya Hadiyya riƙonsa, ita da Allah bai ba haihuwa ba. Shekara bakwai ke nan. A nan ma ba za ni rubuta sunan ba, hannuna ya bi bakina.

Gaban rigarsa duk jini ne ya bushe. Da na gani sai da rariya ta kusa suɓuce mini. Yaya Hadiyya ta ce, "Haɓo na, kak ki tada hankalinki. Tun shigowar zahi shika yi mashi hakanga."

Tun shigowar zafi. Kuma babu wanda ya gaya mini.

Lahadi, hantsi

Yau na gani da idona. Yana zaune a gindin dogonyaro tare da ƙannensa Binta da Abbas, sai jini ya ɓalle ta hancin dama. Bai yi kuka ba, bai ko dubi inda nake ba, tashi ya yi ya nufi Yaya Hadiyya yana cewa "Inna, Inna." Ta kwantar da kansa a cinyarta, fuskarsa na kallon sama. Ta sheƙa masa ruwan randa a ƙeya da goshi, ta yanka albasa ta kara masa, da jinin ya lafa ta kwance wani ƙulli a bakin zanenta ta shaƙa masa garin bagaruwa. Duk wannan tana kiran sunansa, tana ja, tana maimaitawa, kamar ba ta taɓa jin suna mai daɗinsa ba. Ni na zaɓi sunan nan ina kwance da jego, na raɗa wa Maigida.

Ni kuma ina ina? Ina bakin madafa riƙe da muciya, tuwo na ƙonewa. Binta na aika da moɗar ruwa. Iyakar abin da na yi wa ɗana ke nan yau, na aiki 'yar shekara shida da moɗa.

Litinin, bayan azahar

Bai yi ba yau. Ta ce bagaruwarta ce.

Laraba, da safe

Jiya sau biyu. Ban ji an yi maganar bagaruwa ba.

Zulaihatu mai nono ta shigo. Ita ma daga wajen Burkusuma suka taso, shanunsu ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba yanzu. Na ja ta zaure na tambaye ta a hankali, na ce ɗan wata ne. Ta yi dariya, ta san ɗan wace ne. Ta ce cikin hanci ne ke bushewa da zafin nan har ya tsage, a riƙa shafa masa man shanu da ɗan yatsa safe da yamma, a hana shi yaji da yawon rana, a ba shi nono da tsamiya. Ta ce jinin da ya zuba kuma zogale da hanta ke mayar da shi.

Na sayi man. Na kai wa Yaya Hadiyya na ce, "An ce wanga na yi." Ta buɗe ta shinshina, ta rufe, ta ture gefe.

"Ɗana ba shi son ƙarnin mai. Amai shika yi."

Ɗana. Ta faɗa kamar mai faɗin zanena ko takalmina, ba ta ma lura ba. Da ta faɗa don ta ƙona mini rai da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, bayan magariba

Tunda ba a bar ni na ba shi magani ba, gidan gaba ɗaya zai sha. Na yi kwaɗon zogale da ƙuliƙuli cike da roba, na jiƙa tsamiya a tulu, na cire barkono daga miya. Maigida ya ɗanɗana miyar ya dube ni ya ce, "Rukayya, wa ab ba shi lahiya cikinmu?" Na ce zafi ne, kowa ya huta da yaji. Ya gane, ya sunkuyar da kai ya ci abinsa.

Yaron ya cinye nasa, ya suɗe kwano, ya ce, "Inna, kwaɗonki ya yi daɗi." Yaya Hadiyya ta ce, "To ƙara." Ba ta ce ba ita ta yi ba. Wataƙila ba ta ji ba, hankalinta na kan hanya. Tun da suka zo, ana yin la'asar take ɗaukar tabarma ta zauna kusa da zaure, duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗaga kai. Na sani. Ina tausayinta, wallahi ina tausayinta. Amma ni na tsinke zogalen nan ganye-ganye.

Asabar, hantsi

Ya sake yi.

Asabar, bayan la'asar

Gwaggo ta yi baƙi daga garin Isa, sun zo jaje. Ina ji tana yabona a gabansu. "Kun ga surukata, ɗiyar mutunci ta. Jini na zuba ga ɗanta na hwari, ko kallo nai ba ta yi. Matan yanzu ina sunka san wagga kunya?" Baƙin suna ta sa mini albarka. Na yi murmushi na kawo musu fura.

Da za a sayi wannan yabon a kasuwar Sabon Birni, da na sayar da shi a kan a bar ni na goge masa hanci sau ɗaya.

Litinin, da safe

Sabon magani. Wata tsohuwa cikin 'yan gudun hijirar da ke kwana a makarantarmu ta gaya wa Yaya Hadiyya cewa zafi ne ya taru a tsakar kansa. Aka yi masa ƙwal, aka kwaɓa lalle aka lafta masa, ya wuni da shi. Yanzu kansa ja wur, yaran unguwa na binsa suna kiransa zakara. Na shiga ɗaki na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma dariyar ta tafi ta bar hawayen.

Na ji Binta na ce masa, "Kai Yaya, ka san Mama ta haihe ka?" Ya ce, "Na sani mana." Ya ci gaba da ɗaure motarsa ta kara. Ya sani kamar yadda ya san sunan garinsu, ba abin da ya dame shi.

Talata, bayan azahar

Na ba Yaya Hadiyya atamfata mai ruwan ganye, wadda ban taɓa ɗaurawa ba, don zane biyu kawai ta fito da su. Ba za a ce ban yi ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ta goye ni, ita ta koya mini kitso. Da aka ce za a ba ta yaron ban musa ba, yarinya ce ni a lokacin, kuma kowa cewa yake na ci gaba da haihuwa, ita fa? Na haifi biyu bayansa. Babu wanda ya gaya mini cewa biyu ba sa cike gurbin ɗaya.

Ɗazu na wuce ta ƙofar ɗakinsu na ga yana barci, ƙafarsa a kan cinyarta, tana yi masa fifita. Yatsan ƙafarsa na biyu ya fi babban tsawo, irin nawa. Ita nata ba haka suke ba.

Alhamis, bayan la'asar



Da hantsi jinin ya zo, ya ƙi tsayawa. Ta kwantar da shi kamar kullum, ruwa, albasa, bagaruwa, bagaruwa kuma. Ta waje ya yi kamar ya tsaya. Can sai ya tashi zaune ya ce cikinsa, ya kelaya amai, baƙin jini guda-guda a kan tabarma. Yaya Hadiyya ta sandare. Ni ban san lokacin da na ɗauko hijabi ba. Ban tuna da Gwaggo ba sai da muka kai titi.

A asibiti wata ma'aikaciya ce ta duba shi, gajera mai faɗa. Ta ja fatar idonsa, ta leƙa hancin da tocila, ta ce, "Wace ta uwa tai?" Muka dubi juna ni da Yaya Hadiyya. Shi ya amsa, ya kama gefen mayafin Yaya Hadiyya.

Sai matar ta hau ta. Ta ce jinin da ya amayar na hanci ne da ya yi ta haɗiya saboda ana tanƙwara masa kai baya. Ta ce a zaunar da shi, ya sunkuya gaba, a matse tattausan hancin a riƙe, kada a saki ana leƙawa. Ta ce garin da ake ɗura masa ya bushe ya zama ɓawo, duk ya ɓantare sai ya tafi da fatar. "Ke ba ki ga idon yaron ga ya yi hwari ba? Haka aka riƙon ɗa?" Yaya Hadiyya ta sunkuyar da kai tana cewa a yi haƙuri.

An ɗebi jininsa an auna, ya yi ƙasa. An ba mu ƙwayoyi, an ce duk Alhamis a dawo da shi, kuma idan bai bari ba za a tura mu Sakkwato a bincika dalili. Na tambaya, da muryar da ban san ina da ita ba, ko man shanu da zogale da hanta fa? Ta ce a ba shi zogale da hanta da wake, ɗan mai kaɗan a bakin hanci kuma ba laifi.

Abin da ba za ni gaya wa kowa ba shi ne, har faɗan na yi wa kishi. Ina tsaye a gefe kamar maƙwabciyar da ta yi rakiya, ana zagin wata a kan ɗana. Ni ya kamata a ce wa haka ake riƙon ɗa.

Jumma'a, da safe

Ta zubar da bagaruwar a bayan gida. Ta zo da kanta ta ce, "Ina man nan?" Na miƙa mata. Ashe ba ya amai da ƙarnin mai.

Na wuni ina waƙa a madafa. Allah ya yafe mini.

Lahadi, bayan azahar

Ya yi, amma kaɗan. Ita ta matse hancin. Ta ce in zo in duba ko daidai ta riƙe, na zo na tsaya kusa har ina jin numfashinsa. Na ce daidai ne.

Talata, bayan la'asar

Mutum biyu cikin waɗanda 'yan bindiga suka tafi da su daga Tsamaye sun dawo. Ɗayan ya zo har zaure ya nemi Maigida. Sun daɗe.

Allah ya jiƙan Malami, ya sa ya huta. Mutumin kirki ne. Duk kaka sai ya aiko mini da damin gero, ya ce na uwar ɗansa ne. Shi kaɗai ke kirana haka.

Yaya Hadiyya ta naɗe tabarmar bakin zaure da kanta.

Alhamis, bayan magariba

Gida cike da masu gaisuwa. Binta da Maigida ne suka raka yaron asibiti. Ya daina magana, yana maƙale da Yaya Hadiyya duk inda ta zauna. Ita kuma ba ta kuka sai ta dafa kansa, inda lallen ya fara fita baƙin gashi na tsirowa.

Na dafa, na raba, na wanke. Na duba zuciyata ko kishin ya ji kunyar mutuwa ya tafi. Yana nan zaune.

Asabar, hantsi

Dangin Malami sun zo daga Bafarawa. A can za ta yi takaba, wurin uwarsa. Ƙaninsa Isah ne zai ɗauke ta gobe, za su bi ayari, don ba a bin hanyar nan da babur ɗaya yanzu.

Maganar yaron ta taso a ɗakin Gwaggo. Ina waje ina tsintar shinkafa, tsintar da ba ta ƙarewa. Maigida ya ce yaro na karɓar magani a nan, daga Bafarawa kuwa wa zai riƙa fito da shi ta cikin daji duk sati? Isah ya ce gaskiya ne. Aka jira Yaya Hadiyya. Ta ce, "A bar shi. Lahiya tai ta hi."

Ban roƙa ba. Ina so a san wannan, ko da ni kaɗai za ni karanta. Ban buɗe baki na roƙa ba.

Lahadi, bayan azahar

Ta tafi.

Kafin su fita ta kira ni ɗaki ta yi ta lissafa mini. Ba ya cin tuwo da zafi. Yana tsoron tsawa amma ba zai faɗa ba. Idan ya yi shiru yana murza kunne, fitsari yake ji. In ya yi laifi kada a daka masa tsawa, a kira shi gefe. Ina ji ina cewa to, to, raina na tafasa, wata na karanta mini ɗana kamar darasi. Kuma duk cikin abin da ta faɗa babu ɗaya da na sani.

A zaure ya riƙe ta ya ƙi saki. Ta durƙusa ta ce masa, "Ka sha magani, ka ci abin da anka ba ka. Ranar da haɓon ga yat tsaya, za ni aiko Isah shi ɗauko ka. Na yi ma alkawali." Sai ya sake ta.

Na ji, amma ban ɗauke shi komai ba. Abin da ake gaya wa yaro ne don a samu a fita.

Litinin, da safe

Na shafa masa mai da hannuna. Gwaggo na gani, ta kau da kai, ta ce lalura ce. Hancinsa ɗumi. Ya rufe ido har na gama, ya ce, "Na gode, Malama."

Laraba, bayan la'asar

Ya yi jiya da rana. Na zaunar da shi, na sunkuyar da kansa, na matse na riƙe. Hannuna ɗaya a bayansa. Ina jin bugun zuciyarsa ta cikin riga. Da ya tsaya ban so na saki ba, sai da ya motsa.

Hanta yau, gobe wake da zogale. Maigida ya daina tambayar barkono, yana zuwa da nasa a aljihu.

Jumma'a, bayan sallah

Ta kira da wayar Isah. Sai an hau tudu a can ake samun layi, ita kuma ba ta fita, don haka Isah ke tsayawa a kan katanga ya buɗe muryar wayar tana magana daga ƙasa. Tambayarta ta farko, "Ya tsaya?" Na ce da sauƙi, sau ɗaya a satin nan. Na ba shi wayar. Yaron da ba ya haɗa mini kalma biyar ya yi ta zuba har kuɗin suka ƙare. Har labarin akuyarmu mai ciki ya ba ta. Ban san ya lura da akuyar ba.

Litinin, hantsi

Bai yi ba.

Laraba, hantsi

Bai yi ba. Ba bagaruwa, ba lalle, ba albasa. Man shanu da zogalen Rukayya.

Alhamis, bayan azahar

Ya ce kada a je asibiti, ai ya warke. Maigida ya tafi kasuwa, ni kuma ina da jarrabawar yara, na ce to, sati mai zuwa. Zulaihatu ta zo na ba ta labari, na ƙara mata da goro. Na gaya wa Gwaggo, na gaya wa malaman makarantarmu. Wata biyu yana zubar da jini a hannun wata, ya zo hannuna ya tsaya. Ba alfahari nake ba. To, alfahari nake, sai me?

Yana yawan zagayawa bayan madafa ya daɗe. Na san kuka yake zuwa yi, kewarta yake. Ba na binsa. Ba za ni je in tsaya ina kallon ɗana na yi wa wata kuka ba.

Jumma'a, bayan la'asar

Na gaya mata da bakina, har da ƙari. Na ce tun wancan satin ko ɗigo. Ta yi hamdala ta yi ta sa mini albarka. Sannan ta ce, "To in ya kai wata Jumma'a bai yi ba, Isah na nan tahe ran Asabar. Ɗakin ga ya yi mani girma, Rukayya."

Ashe da gaske take. Ashe shi ma da gaske ya ɗauka, don yana jin haka ya yi tsalle, karo na farko da na ga haƙoransa a gidan nan.

Ni na tsinke zogale, ni na bi mahauta neman hanta, kuma maganina ne zai mayar mata da shi.

Lahadi, da safe

Na tsaya da kwalbar man a hannu na daɗe. Na ce a raina, in na manta yau, in na manta gobe, wa zai sani? Zafi na nan, hanci zai bushe da kansa.

Na shafa masa. Na shafa har ya yi yawa, ya yi atishawa. Amma tunanin ya zo mini, kuma ban kore shi da wuri ba.

Talata, bayan azahar

Ya haɗa kayansa tun yanzu, riga biyu da motar kara, ya ɗaure a leda ya sa ƙarƙashin filo. Ba ya wasa sosai, da ya ɗan yi gudu sai ya zauna yana haki. Na ce zafi ne. Binta ta ce singiletinsa ta ɓace, na ce ta duba igiya.

Alhamis, bayan la'asar

Akuya ta haihu da safe a bayan madafa. Na je gyara mata wuri, na jawo tsohuwar randar nan da ta tsage wadda muka kife, sai ƙuda suka tashi.

Tsummoki ne a ƙarƙashi. Singiletinsa ce ya yayyaga, da hular sallarsa, da shafukan littafin Binta. Wasu sun bushe sun yi baƙi, wasu ja. Ɗaya da danshinsa, na yau ne. Na zauna a ƙasa kusa da akuya na ƙirga har na daina.

Ban daka masa tsawa ba, na kira shi gefe. Ya ga abin da ke gabana ya tsaya. Na ce tun yaushe? Ya ce bai taɓa tsayawa ba. Da ya ji yana zuwa sai ya zago nan, ya sunkuya ya matse yadda matar asibiti ta ce, ya wanke fuska a kwatarniyar awaki. Wani lokaci sau biyu a rana. Shi kaɗai, a bayan madafata, ina ciki ina daka masa zogale ina waƙa.

Na ja fatar idonsa. Fari fat.

Ya kama hannuna. Bai taɓa kama ni da kansa ba sai yau. Ya ce, "Malama, don Allah kak ki hwaɗa ma Inna. Jibi kaɗai ta rage. In na tahi can shina tsayawa, wallahi shina tsayawa."

Na ɗauke shi muka tafi asibiti a lokacin. Matar nan ce. Ta auna, ta dube ni, ta ce wa ke riƙonsa yanzu? Na ce ni. Ta yi mini tas a gaban mutane, ta ce ina idona yake, ta ce wanda ya tsallake Alhamis ɗin da ta wuce ya kusa yin kisa. Ta rubuta mana takardar Sakkwato, ran Litinin. Na samu faɗan da nake nema. Ba shi da daɗi.

Da muka kai ƙofar gida ya ce, "Ba ki hwaɗa mata, ko?" Na tura ƙofa na shiga.

Jumma'a, bayan la'asar

Wayar ta yi ƙara muna tsakar gida. Ya taso ya tsaya a gabana da ledarsa a hannu, kallona kawai yake. Ban taɓa samun idonsa a kaina haka ba tun yana shan nono.

Ina jin iska ta wayar, da Isah na cewa ga ta nan. Ta ce, "Rukayya, ya tsaya? Na share mashi wuri."

Na ce, "Bai tsaya ba, Yaya. Ɓoyewa shika yi. Kak ki turo Isah, Sakkwato za mu ran Litinin."

Sannan ta ce, "To. Allah shi ba shi lahiya. Ki riƙe shi da kyau." Ta ce a ba shi wayar. Na miƙa masa, bai karɓa ba. Ya ajiye ledar a ƙasa a hankali, ya wuce bayan madafa.

Gaskiya na faɗa. Ko wace uwa abin da za ta faɗa ke nan, Maigida ya ce na yi daidai, Gwaggo ma ta ce. Da na yi ƙarya da na tura shi daji da jinin da bai kai ya riƙe shi ba. Duk na san wannan. Amma lokacin da nake cewa bai tsaya ba, na ji daɗi ya ratsa ni tun daga ƙirji har tafin ƙafa, kuma yana kallon fuskata. Ya gani.

Na bar masa tuwo ya huce, na kai masa can. Ya ce ya ƙoshi.